Ƙafar Uwar Usmanu da Takardar da Ban Warware Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

A shekarar da ruwan sama ya kwantar da gidajen Hartum, bayan babbar salla da ƙasa da mako biyu, mu ma a unguwar Hilla Kuku ɗaki ɗaya ya rage mana a tsaye cikin uku. Duk wanda ya zauna a birnin nan a lokacin ya san abin da nake faɗa. Amma ba labarin ruwan zan bayar ba. Labarin ƙafar matata ne, uwar Usmanu, da yadda na kusa sa a yanke ta da hannuna, ina ganin alheri nake yi. Na rubuta shi don a karanta wa duk wanda ke da mai ciwon sukari a gida.

Shekararta shida da ciwon a lokacin. Kullum da safe ni nake yi mata allura. In dafa sirinjin gilashi a ƙaramar buta, in zuƙo maganin daga 'yar kwalba, fari kamar madara. Likitoci na ce masa insulin, mu kuwa allura kawai muke cewa. Muna cikin kwashe ɓaraguzan ɗaki sai bakin kwano ya yanke ta a ɗan ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da aiki.

Cikin kwanakin nan maganin ya zo ƙarewa. Na zaga Bahri, na ƙetara Hartum, na ƙetara Umdurman. Duk kantin maganin da na shiga kalma ɗaya ce: "Ma fi." Babu. Sai ita ta ce, "Malam, ka je wurin Idi."

Idi ɗan kawunta ne, abokin wasanta, yana ƙauyenmu na Jazira inda iyayenmu suka yi zaman tsinkar auduga. Mutanen ƙauyen sun gaji da kai mara lafiya asibitin Madani a kan jaki da akori-kura, sai suka yi gayya suka gina ɗakin magani ɗaya na jan bulo, suka naɗa dattawa biyar su riƙa dubawa, suka damƙa mabuɗin a hannun Idi saboda ya daɗe yana aikin jinya a asibiti. Bai shekara ba suka sa masa suna Mai Doka. Ba ya ba da maganin allura sai da takardar likita. In ka ce ya sayar maka da kafso biyu ka haɗiya ka tafi gona, zai ce ko ka ɗauki na kwana biyar ko ka bar shi. Maganin da kwanansa ya wuce, a gaban dattawan yake ƙona shi, suna kallo suna jin zafin kuɗinsu. Yana da firiji mai aiki da kananzir, da ɗan ma'aunin sanyi a rataye a ciki, da littafi. Da hantsi ya duba ya rubuta, bayan la'asar ya duba ya rubuta. Mutane na yi masa dariya wai yana ɗaukar zazzaɓin firiji.

Da hanya ta buɗe na hau mota a tashar Suk Shabi. Na same shi a bayan teburinsa, muka gaisa, na miƙa masa takardar likita, na ce kwalba shida nake so.

"Biyu zan ba ka, Faki Haruna." Faki ake ce wa malami a ƙasar nan.

"Daga Hartum fa na taso, Idi."

"Na sani. Mutum huɗu ne a garin nan masu irin ciwonta, kuma ban san ranar da wani zai zo ba. Biyu za su kai ta wata biyu. In sun kusa ƙarewa ka aiko."

Raina ya ɓaci. Na girme shi, ni na koya wa ƙannensa karatun allo, ga shi yana auna mini magani kamar mai auna gishiri. Ya ɗauko wata 'yar tukunyar ƙasa, ya zuba jiƙaƙƙen yashi, ya naɗe kwalaben a tsumma ya tura ciki. Yana yi yana magana. Wallahi ban san abin da ya faɗa ba. Ina tsaye ina tsara abin da zan gaya wa uwar Usmanu game da rowar ɗan kawunta, ga kuma direba yana ta danna ƙaho. Idi ya dube ni, ya jawo takarda ya yi rubutu da ajami, don ya san shi na fi sakewa da shi, ya ninke ya ba ni. Na ɗauka rasidi ne. A mota na sa ta cikin littafin fiƙihun da nake karantar da manya bayan asuba, ta zama alamar inda muka tsaya.

Da na iso gida na dubi tukunyar yashin nan, na ce wannan dabarar ƙauye ce. Maƙwabciyarmu Hajja Hawwa tana sayar da dandurma, wato ƙanƙarar zoɓo da ta kuka a 'yan ledoji, tana da babban firiji mai daskarar da abu, mijinta kuma na da injin wuta. Na yi lissafi irin nawa: in sanyi yana yi wa magani amfani, to wanda ya fi sanyi ya fi amfani. Na kai mata kwalaben, ta karɓa da murna, ta ware masa gefe guda a cikin gwangwani. Kullum in na fito daga masallaci sai in biya in karɓo kwalbar, ta yi tauri kamar tsakuwa, in dunƙule ta a tafin hannu ina jan wuridina har ta narke. Har daɗi nake ji, wai tasbihi na shiga cikin maganin.

Mako na farko ba mu ga komai ba sai ƙishirwa. Uwar Usmanu takan shanye moɗa uku ta ce bakinta a bushe yake. Muka ce zafi ne. Mako na biyu fitsari ya yawaita, na ga tururuwa ta yi layi a inda take zubar da fo. Yatsan kuma ya ƙi bushewa. Mako na uku ya kumbura ya yi baƙi a baki, ya fara wari, ita kuma ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu.

'Yan dubiya suka cika gida, kowa da nasa. Wata ta ce a jiƙa hulba ta sha da sassafe. Wani ya ce a daka bagaruwa a barbaɗa. Wata tsohuwa ta ce a turara ƙafar a rami kamar yadda matan ƙasar nan suke yi. Yayarta ta ce a daina allurar gaba ɗaya, ita ke tsotse ta. Mun yi hulbar, mun yi bagaruwar, ni kuma na yi rubutu na wanke mata. Ba na raina ko ɗaya daga cikin masu shawarar, don da ƙauna suka zo. Amma babu wanda ya tambayi inda ake ajiye maganin, kuma da an tambaya da alfahari zan amsa.

A mako na huɗu Usmanu, babban ɗanmu da ke aikin walda a Alshajara, ya bar aikinsa ya ɗauko tasi, muka ƙetare gadar Shambat zuwa wani asibiti a Umdurman. Mun isa rana ba ta yi zafi ba, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Layi uku muka bi: na kati, na gwajin fitsari, na ƙofar likita. Babu benci, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafar, ina kore mata ƙuda da gefen rawanina. Wata mai shayi a bakin ƙofa ta ba ta kujerarta, ta ƙi karɓar ko sisi. Allah ya saka mata.

Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yata ba. Ta dubi ƙafar, ta dubi takardar gwaji, ta ce in nuna mata maganin. Ta ɗaga kwalbar saitin taga ta juya ta a hankali. Sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: gudaji-gudaji a ciki kamar nonon da ya tsinke, wasu sun manne a jikin gilashin.

"Wannan maganin ya mutu, ya Hajj," in ji ta da Larabci. "Ruwa kake yi mata. Kuna sa shi a firiji?"

"A firijin da ya fi kowanne sanyi a unguwarmu."

Ta gyaɗa kai, ga mutane na turo ƙofa. "To wataƙila daga inda aka sayo shi ne."

Wataƙila ta ce. Ni kuwa kafin in sake ƙetare gada na yar da wataƙilar a kogi. Ran nan na zauna na rubuta wa limamin ƙauyenmu wasiƙa. Alƙalamina yana da kaifi in raina ya ɓaci. Na ce Idi ya sayar mini da mataccen magani, likitar birni ta tabbatar, 'yar'uwarsa na kwance za a yanke mata ƙafa, duk dokokinsa na ganin ido ne. Na ce a karanta wa jama'a ranar Juma'a. Aka karanta. Dattawa suka karɓe mabuɗin, aka rufe ɗakin magani.

An kwantar da uwar Usmanu a asibitin kwana goma sha tara. A rana ta uku aka cire ɗan yatsan. Likitar ta ɗauki biro ta ja layi a kan ƙafar, ƙasa da idon sawu kaɗan, ta ce, "In jan kumburin nan ya haye layin nan, sai mu yanke daga ƙasan gwiwa." Tun daga ranar idona bai bar layin nan ba. In ya dushe sai in sake bin sa da biro.

Asibitin akwai abin godiya, akwai abin kuka. Bandeji da auduga da sabulu duk mu muke sayowa daga waje, abinci daga gida, Usmanu na kawowa a bas biyu. Akuyarmu ta tafi, 'yan kunnenta na zinariya suka bi baya. Amma akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke wanke ciwon kamar tana wanke jariri, tana yi mata hira har ta manta da zafin. Da allurar asibiti ƙishirwar ta tafi, jan ya ja da baya. Aka sallame mu da kwalba ɗaya mai kyau.

A asibitin ne uwar Usmanu ta ji labarin wasiƙar, daga bakin yayarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, Idi yana da taurin kai, amma ba zai sayar mini da mushe ba." Na ce mata likita ta fi ta sani. Ta juya fuska bango.

Sabuwar kwalbar kuwa, kun san inda na kai ta. Cikin kwana goma ƙishirwa ta dawo. Jan ya fara tahowa, kullum da safe sai in ga ya matso, har ya rage faɗin yatsa biyu tsakaninsa da layin. Yanzu 'yan dubiya suka koma cewa jifa ne. Ni kaina na fara yarda. Ranar Asabar za mu koma wurin likita, kuma na san abin da za ta ce.

Ranar Laraba da hantsi aka yi sallama. Idi ne, da ƙurar hanya a jallabiyarsa, littafinsa a hammata, tukunyar yashi a hannu ɗaya, ƙullin busasshiyar kuɓewa a ɗayan. Na amsa sallamar da ƙyar. Ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa kamar ba abin da ya faru, ya wuce wurin gadonta ya tsuguna.

"Ke dai kin sha sukarin Sudan har ya rasa wurin zama ya koma jini. Yanzu kuma yatsu kike rabarwa?"

Ta yi dariya, karo na farko cikin kwanaki. "Ɗaya na bayar, Mai Doka. Ka zo da takardar likita ne kafin ka duba ni?"

Ya kwance bandejin, ya daɗe yana kallo, ya danna gefen jan da yatsa. Sannan ya juyo gare ni.

"Faki, na ji wasiƙarka, ina sahun gaba. Ban zo faɗa ba. Kwalin da na ciro naka, daga cikinsa mutum huɗu ke yin allura, lafiyarsu ƙalau. Ga littafin firiji, babu ranar da ya yi zafi. Ko yanzu da aka rufe, na roƙi liman yana buɗe mini sau biyu in zuba kananzir in rubuta. To in ba a wurina ya lalace ba, ya lalace a wani wuri, kuma zai sake lalacewa. Nuna mini inda kake ajiyewa."

Na kai shi gidan Hajja Hawwa ina tafe ina ƙara faɗa masa girman firijin. Ta ɗaga murfin, hayaƙin sanyi ya taso. Ta ture ledojin zoɓo ta ciro gwangwanin. Idi ya ɗauki kwalbar, ya ƙwanƙwasa ta da farce. Ta yi ƙara kamar dutse.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na zo da shi."

"Da wannan ta asibitin?"

"Har ita."

Ya rufe ido kaɗan. "Takardar da na ba ka fa?"

Muka koma gida. Na ɗauko littafin fiƙihu. Tana nan a babin da muka kai. Wata biyu da rabi kullum sai na taɓa ta, in ɗaga ta daga wannan shafi in mayar wancan, ban taɓa warware ta ba. Ni da mutanen unguwa ke kawo wa wasiƙunsu in karanta musu. Na warware. Ga abin da ke ciki, har yau tana wurina:

"Faki Haruna, a ajiye tukunyar a ƙarƙashin randa, a jiƙa yashin safe da yamma. Kada rana ta taɓa shi. Kada a sa shi cikin ƙanƙara ko kusa da ita. In ya daskare sau ɗaya ya lalace, ko ya narke ba ya dawowa. In ka ga gudaji a ciki kada ka yi mata. Allah ya ba ta lafiya."

Na zauna a ƙasa da takardar a hannuna. Hajja Hawwa da ta biyo mu ta fara kuka tana cewa ita ta cuci maƙwabciyarta. Idi ya ce, "Hajja, ke ajiya aka ba ki, kin kuwa riƙe amana fiye da kima." Uwar Usmanu ta kawar da kai daga gare ni. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Cikin tukunyarsa akwai kwalba ɗaya da liman ya yarda ya fito da ita. Nan take ya dafa sirinji ya yi mata. Ya zauna da mu kwana shida. Safe da yamma yana wanke ciwon da dafaffen ruwan gishiri, yana gwada fitsarinta a wani siririn gilashi da shuɗin ruwa a kan garwashi. Ranar farko ya koma ja kamar bulo. Ya ce mini in ya tsaya a shuɗinsa, mun tsira. Na zama mai gadin launi. Ja, sannan ruwan ɗorawa, sannan kore.

Ranar Asabar ya raka mu asibiti. Jan bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Likitar ta saurari Idi har ya gama, ta buɗe littafinsa tana juya shafuka, ta ce ita ma da ta tambaye ni wane ɓangare na firijin. Ta ƙara magungunan sha, ta ba mu mako guda. Da makon ya cika, tsakanin jan da layin ya kai faɗin tafin hannu. Ta ce, "Ku bar bin layin nan da biro, ku bar shi ya goge." A farfajiyar asibitin na yi sujada.

Kafin Idi ya koma na riƙe hannunsa na nemi gafara. Ya ce, "Na yafe tun ina mota. Ni ma da laifina, na ga ba ka ji na, na bar ka ka tafi. Amma Faki, ba a ɗaki aka karanta wasiƙarka ba."

Na ba shi wata wasiƙar ta janye zargina, aka mayar masa da mabuɗi. Sai dai labari ya riƙa zuwa mini cewa mutane na cewa surukuta ce, an rufa wa juna asiri. Wasu suka koma sayen ƙwayoyi a tire ranar kasuwa, waɗanda suka wuni a rana. Na san abin da ke kaina. Kunya ta sa na yi ta jinkiri ina fakewa da jinya, har auduga ta fashe a gonaki. Ranar da uwar Usmanu ta taka daga ɗaki zuwa bakin titi ba sanda, ita ce ta ce, "Juma'ar nan za mu je ƙauye. Ni ma za ni."

Bayan an sallame salla na miƙe, na roƙi jama'a su dakata. Na ce ni ne Haruna mai wasiƙa. Na faɗi komai, har da dunƙule kwalba a hannu ina wuridi. Wasu suka yi dariya, ban hana su ba. Na karanta takardar Idi daga farko har ƙarshe. Na ce wanda ya ƙi ba ku kafso biyu, ya ƙona muku tsohon magani, yake ɗaukar zazzaɓin firiji, littafinsa ne ya bi sawun cutar har gidana ya tsirar da ƙafar matata. Na ce duk mai allura ya ji: rana na kashe ta, ƙanƙara ma na kashe ta, kuma in an ba ka takarda ka warware.

Daga masallaci muka wuce ɗakin magani, rabin sahu na biye da mu. Uwar Usmanu na zaune a bencin ƙofa tana nuna wa mata ƙafarta mai yatsu huɗu. Na miƙa wa Idi takardar likita, na ce ko zai ba ni uku, tunda hanya da nisa.

"Biyu," in ji shi.

Ya jiƙa yashi, ya naɗe kwalaben, ya jawo takarda ya rubuta. Na miƙa hannu zan ninke, sai ya dafe ta da yatsa.

"Sabuwar doka, Faki. Ba mai fita da magani sai ya maimaita mini abin da na ce. Kai da ka iya karatu, karanta. Ɗaga murya, na waje ma su ji."

Na gyara tsayuwa kamar ɗalibi a gaban allo, na karanta. Da na kai ƙarshe ya ɗage yatsansa, ya miƙo mini tukunyar da hannu biyu.

"Shi ke nan," ya ce. "Ba sauran komai tsakaninmu."

Uwar Usmanu ta miƙe da ƙafarta, ta karɓe tukunyar daga hannuna, ta ce ita za ta riƙe har Hartum.